Kason Dunja a Gidan Ubanta

Ranar da aka yi arba'in ɗin Obrad, dusar ƙanƙara ta fara sauka a gindin dutsen Durmitor tun kafin a dawo daga makabarta. Zuwa la'asar baƙi sun watse, saura Milutin, aminin marigayin tun suna yara, yana zaune kusa da murhu yana juya ɗan kofin rakija, barasar da ake yi a gida, a hannunsa. Zorka, matar marigayin, tana wanke kwanuka cikin baƙaƙen kayanta, 'yarta Dunja tana gogewa tana jerawa. Radoje, ɗan gidan, wanda ya zo daga Jamus inda ya shekara shida yana aikin gini, ya zauna a kujerar ubansa. Kujerar ta karɓe shi, har uwar ba ta iya kallonsa sai idonta ya cika.

Milutin ne ya ɗauko maganar gado. Ya ce takardar notar, wato jami'in da ake rabon gado a gabansa, tana tafe, amma a ganinsa a nemi a ɗaga zaman zuwa Maris, a ce Radoje ba shi da hutu. Gida ba gudu zai yi ba, filin ciyawa ma haka.

"Kafin nan yarinyar nan ta cika sha takwas," in ji shi, "ta faɗa da bakinta, a rufe magana."

Dunja ta san abin da ake so ta faɗa da bakinta. Duk 'yar da ta tashi a kan wannan dutse ta sani. Za ta tsaya gaban notar ta ce ta bar wa ɗan'uwanta kasonta, kamar yadda uwarta ta ce a nasu gidan, kamar yadda Gwaggo Grozdana, ƙanwar ubanta, ta ce shekara talatin da suka wuce. Tsofaffi kan ce 'ya mace tuwon daren gidan wasu ce, ba a ba ta ƙasa ta tafi da ita. Ran nan Dunja ba ta ga aibun abin ba. Hankalinta ma yana waje, inda Vukota, ɗan Milutin, yake faskara musu itace, ƙanƙara na taruwa a kafaɗarsa. Shekara biyu ke nan suna son juna. Kowa a ƙauyen ya sani, kowa kuma yana jira ta gama makaranta.

A garin Nikšić take karatu, ajin ƙarshe na sakandare, ɓangaren shari'a. Tana zaune wurin Gwaggo Grozdana a ɗaki ɗaya na haya, saman shagon mai gyaran takalma. Gwaggon ta taɓa aure, mijin ya sake ta da haihuwa ba ta zo ba. Ta koma gidan da aka haife ta, ta yi hunturu ɗaya a can tana cin abinci kamar baƙuwa, sannan ta tattara kayanta ta zo gari ta kama aikin shara. Ba ta taɓa cewa an kore ta ba. Takan ce kawai gidan ya yi ƙanƙanta.

A watan Janairu Malama Slavka ta shiga babin gado. Ta rubuta a allo cewa ɗa da 'ya da matar mamaci kasonsu ɗaya ne. Wani yaro daga baya ya ce wannan dokar ta Podgorica ce, babban birni, ba ta iya hawan dutse, aji ya kwashe da dariya.

"Ba ta da ƙafa kam," in ji malamar. "Sai in wani ya ɗauke ta ya hau da ita. Ku dai rubuta, za ta fito a jarrabawa."

Ta ci gaba da cewa wanda bai kai sha takwas ba, hukuma ba ta barinsa ya kyautar da gadonsa haka nan. Wanda kuma ya kai, ya furta gaban notar cewa ya bari, to ya bari har abada. Kuka ba ya dawo da shi, kotu ma ba ta dawowa da shi don mutum ya canza ra'ayi. Dunja ta ja layi biyu a ƙarƙashin wannan. A lokacin ta gane dalilin da ya sa aka ɗaga zaman zuwa Maris, ta kuma gane dalilin da ya sa gidan ya yi wa Gwaggo ƙanƙanta.

Duk da haka, da ta haƙura ta bi al'ada, in ba don wata magana da ta kuɓuce wa Radoje ba. Suna waya ran nan, yana cikin raha, ya ce wasu masu gina ɗakunan saukar baƙi 'yan yawon dutse sun tuntuɓe shi, gidan da filin duka suke so. Ba yanzu ba dai, wata rana. Mama kuwa sai ta koma wurinsa, ɗaki mai ɗumi, ba ɗaukar itace, ba tatsar saniya.

Da Dunja ta je gida ranar Asabar ta faɗa wa uwarta, Zorka ko ɗago kai ba ta yi daga tuwon masara da dankalin da take tuƙawa ba. Ta ce ɗanta ba zai sayar da bakin ƙofar ubansa ba, kuma kunya ce ƙanwa ta riƙa ɗaukar maganar yayanta tana yawo da ita. Ita dai za ta bar masa nata kason, Dunja ma haka, shi ke nan.

Vukota ne ya kai ta tashar mota ranar Lahadi a motar katakon ubansa. A hanya ta gaya masa cewa za ta karɓi kasonta, domin in tana da kashi ɗaya cikin uku, ba mai sayar da gidan sai da sa hannunta. Ya yi dariya da farko, ya kira ta 'yar lauya kamar yadda ya saba. Da ya ga ba ta yi dariya ba, sai ya tsayar da motar a gefen hanya.

"Dunja, kin san Baba. Zai ce ba a shigo masa da amarya da ƙasar ɗan'uwanta a tafin ƙafa. Mutane za su ce filin Obrad muka hango, ba ke ba."

"Ba fili nake so ba. Rufin kan Mama nake so."

"To ki bari kawai. In abin ya faru, ta zo wurinmu, ni zan gina mata ɗaki."

"Ta zama baƙuwa a gidan surukai? Je ka ga ɗakin Gwaggo, sannan ka maimaita mini."

Vukota ya kalli gilashin mota. Can ya tambaye ta, in ta ɓata da Radoje, wa zai fito da ita ranar aure. A wajensu ɗan'uwa ne ke riƙo hannun amarya ya tsallakar da ita bakin ƙofa ya miƙa ta ga dangin ango. Amaryar da ba ɗan'uwa a gefenta, sai a yi ta maganarta har jikokinta. Dunja ta ce ba ta sani ba. Ya ce shi ba zai iya tsallake maganar ubansa ba. Ta ce ba ta ce ya tsallake ba. Ya tayar da motar ya kai ta tasha.

Gwaggo Grozdana kaɗai ce ba ta ba ta shawara ba. Da Dunja ta tambaye ta ko ta yi nadama, sai ta ce ran da ta faɗi tata maganar, mutanen ƙauye sun yaba mata har mako guda, kuma yabo ba ya tare ruwan sama. Daga nan ta ɗauki tsintsiyarta ta tafi aiki.

Ranar zaman, notar ɗin mace ce mai tabarau. Ta karanta dukiyar marigayi, gida da lambu da filin ciyawa, ta bayyana cewa magada uku ne, ta kuma yi gargaɗi cewa abin da aka furta a nan ba a janye shi. Ta faɗe shi da muryar wadda ta faɗa sau dubu ba wanda ya saurara. Da aka tambayi Zorka, ta miƙe ta ce ta gane, ta bar wa ɗanta, ta sa hannu. Radoje ya ce ya karɓa. Notar ta riga ta fara rubuta layi na gaba kafin ta dubi Dunja.

"Na karɓi kasona," in ji Dunja.

Alƙalamin ya tsaya. Notar ta ɗago tabarau ta tambaye ta ko ta fahimci abin da ta ce, Dunja ta ce ta fahimta. Ta kuma maimaita maganar. Radoje ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya ce ashe karatun da Baba ya yi ta sayar da cuku yana ɗaukar nauyinsa ke nan, an koya mata cin naman ɗan'uwanta da takarda. Milutin, wanda ya rako su yana jira a waje, da ya ji labari sai ya sa hularsa ya wuce motarsa. A bakin matakala Zorka ta zame hannunta daga na 'yarta.

"Yau kin binne ubanki karo na biyu," ta ce a hankali.

Labarin ya riga motarsu isa ƙauye. Da bikin Ista ya zo, a harabar coci, bisa al'ada, kowa na riƙe da jan ƙwansa yana karawa da na maƙwabcinsa, ba wanda ya miƙo wa Dunja nasa. Ta koma gida da ƙwanta lafiyayye a aljihu. Matan da suka yi goyonta suka riƙa gaishe ta da kai kawai. Wata tsohuwa ta tambaye ta, a gaban mutane, ko ta zo auna ɗakin da ya faɗo a kasonta ne. Daga Vukota saƙo ɗaya ne ya shigo wayarta: "Sori. Ki ba ni lokaci." Ta karanta shi har ta haddace inda ya sa ɗigo, ba ta amsa ba.

Sai dai duk bayan mako biyu, mai gyaran takalma kan ƙwala wa Gwaggo kira da safe cewa an sake ajiye musu itace a ƙofa, faskararre, ɗaure da igiya. Ba suna, ba takarda. Gwaggo takan kwashe ta ce itacen nan dai ya san hanya. Dunja takan shiga banɗaki ta yi kukanta ta wanke fuska, ta ɗauki littafi.

A watan Yuni aka yi jarrabawar fita. Tambayar gado ta fito kamar yadda Malama Slavka ta faɗa, Dunja ta amsa ta tana share ido da bayan hannu, ta kuma sami maki mafi girma a ajin. Ranar da ɗalibai suka yi ado suka ratsa tsakiyar gari iyaye na tafi, Gwaggo ce kaɗai ta zo mata, da rigar cocinta. Bayan haka ta sami aikin akawu a ofishin wani lauya, tana karatun jami'a a gefe.

Ba ta daina zuwa gida ba. Kowace Asabar tana can, ta share garke, ta ɗebo ruwa, ta kunna kyandir a kabarin ubanta. Uwar takan yi mata magana a kan shanu da cuku da yanayin gari, ban da haka babu. In sun zauna cin abinci, ƙarar cokula kawai ake ji. Sau biyu ta haɗu da motar katako a hanya; Vukota ya rage gudu, ya ɗaga hannu, ubansa na gefensa yana kallon gaba. An ce an nuna wa Vukota 'yan mata biyu daga garin Šavnik, ya ce wa ubansa ba zai yi masa gardama ba, ba kuma zai yi aure ba. Haka aka ci wani hunturun.

A watan Mayu na shekara ta biyu, Radoje ya zo ba sanarwa, tare da wani mutum mai na'urar awo. Zorka ta fito daga garke da bokitin madara ta tarar ana kafa turaku masu jan ƙyalle, daga ƙarshen fili har gindin itacen da mijinta ya dasa ranar da aka haifi Dunja. Radoje ya rungume ta, ya yi mata bayani da murna: gidansa a hawa na shida yake, akwai na'urar hawa, akwai asibiti kusa, matarsa na da ciki tana buƙatar uwa. Zorka ta tambaye shi kabarin ubansa fa. Ya ce za a riƙa zuwa duk shekara. Ta ce to ita ba ta yarda a taɓa nata kason ba.

"Wane kaso, Mama? Ai kin ba ni. Kin sa hannu."

Bai faɗa da mugunta ba, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo. Kashegari Zorka, matar da ba ta taɓa barin shanunta hannun maƙwabta ba, ta shiga motar Nikšić. Ta hau matakalar da ke saman shagon takalma, ta tsaya a ƙofar ɗakin Grozdana, ɗakin da ba ta taɓa takowa ba cikin shekara talatin. Ta dubi gado ɗaya da katifar ƙasa da murhun da ke kusa da tagar, ta daɗe tana dubawa. Grozdana ta ba ta kujera, ta ɗora kofi.

Da Dunja ta dawo daga aiki, uwar ta ce mata, ita da ta yi karatun, ta rubuta mata takarda a kai wa matar nan mai tabarau, a ce ta fasa.

Dunja ta durƙusa a gabanta. "Ba ya dawowa, Mama. Abin da aka furta a can ba ya dawowa."

"Ko na ce ban gane ba?"

"Ta tambaye ki, kin ce kin gane."

Zorka ta rufe fuska da gefen ɗankwalinta. Dunja ta bari ta yi kukanta, sannan ta riƙe hannunta ta ce mata gidan ba zai sayu ba sai ita Dunja ta sa hannu, ita kuma hannun nata yana nan a jikinta. Uwar ta ɗago ta dube ta kamar yau ta fara ganinta. Ba ta nemi gafarar 'yarta da baki ba, don ba a saba ba. Juyawa ta yi ga Grozdana ta ce, "Hunturun nan da kika yi a gida, ni ce na ƙanƙantar miki da gidan." Grozdana ta ce kofi zai huce.

Radoje ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ce zai kai ta kotu a raba. Dunja ta ce yana da wannan damar, amma ga hanya mafi sauƙi: ya ɗauki filin ciyawa gaba ɗaya, har da nata kason a ciki, ya bar mata gida da lambu. Filin ne mafi tsoka, kowa ya sani. Masu sayen suka yarda, shi ma ya yarda. A gaban notar ɗin nan dai aka rubuta, Dunja kuma ta sa aka ƙara cewa uwarta na da ikon zama a gidan har ƙarshen ranta, ko da ita Dunja ce ta canza zuciya wata rana. Da suka fito, Radoje ya sumbaci hannun uwarsa, ya ce wa Dunja daga yau ba shi da ƙanwa, ya shiga motarsa.

Da fili ya tafi, ciyawa ta tafi, aka sayar da shanu uku aka bar ɗaya. Zorka ta tsaya a taga tana kallon injin yana tone inda mijinta ya yi shekara arba'in yana yankan ciyawa. Kafin kaka Grozdana ta dawo ɗakin da aka haife ta. Ciyawar saniyar da ta rage kuwa, motar katako ce ta kawo ta, wannan karon da rana tsaka.

Milutin ya ga turakun nan tun ranar da aka kafa su, daga wurin tsaga katakonsa ana hango su. Sai da ya yi wata huɗu yana juya abin a ransa. Wata Lahadi ya zo da kwalbar rakija da jan tuffa kamar yadda masu neman aure ke zuwa, Vukota na bayansa ya rame. Ya zauna inda ya zauna ranar arba'in, ya daɗe yana gyaran murya.

"Na ce ba a shigo mini da amarya da ƙasar ɗan'uwanta," in ji shi. "An ce mini ƙasar ma shi ta bar wa. To ban san abin da ya rage mini na faɗa ba." Ya dubi kujerar Obrad. "Ni na tsara zaman nan na gaban notar, Zorka. Da an bi tawa, da yau ba ni da inda zan zo in sha kofi in tuna abokina."

"Da kana sha da baƙi masu takalman hawan dutse," in ji Grozdana daga wajen murhu.

Dunja ta dubi Vukota. Ya ce ya san ya daɗe. Ta ce itacen ya fi shi saurin zuwa. Sannan ta ɗauki tuffar, alamar ta amince.

An yi bikin bayan shekara guda. Dunja ta rubuta wa Radoje sau uku, uwar ta kira shi tana kuka, bai zo ba. Da dangin ango suka taru a tsakar gida suna jiran a fito da amarya, sai aka fara raɗe-raɗi, ana duban ƙofa, ana duban juna. A ciki Dunja ta tsaya da farar riga, gefenta na dama ba kowa, hawaye na ɓata mata kwalliya. Grozdana ta cire rigar girki, ta goge hannunta, ta zo ta tsaya a wurin.

"Ba a taɓa yi ba," wata mata ta ce a hankali.

Milutin ya ji ta daga waje. Ya cire hularsa ya ce, "Jinin Obrad ce, a gidan nan aka haife ta. Ku ba su hanya."

Grozdana ta riƙo hannun amarya ta tsallakar da ita bakin ƙofar. Zorka na tsaye a bayansu, a cikin gidanta.

Har yau Radoje bai kira ba, kuma duk Ista Dunja kan ajiye masa jan ƙwai ɗaya a taga. Wanda ya tsaya a kan gaskiya a cikin danginsa, da wuya ya fita ba tabo. Amma in ba kwaɗayi ne ya tsayar da shi ba, kuma ya iya haƙuri da bakin mutane, lokaci kan yi masa shaida. 'Yan mata kuwa, abin da aka koya muku a aji ba don jarrabawa kaɗai ba ne. Kafin ku furta maganar da ba ta dawowa, ku san abin da kuke bari, da wanda zai kwana a waje saboda ita.